Rigar Da Ke Bayan Bargo

Kwana huɗu ke nan rabon Iyatu da ta taka keken ɗinkinta. Atamfofin mutane sun taru a kan benci, masu su na zuwa suna komawa da ɓacin rai, ita kuwa tana zaune dirshan a tabarma da bargo baje a cinyarta, tana bin sa da allura a hankali. Yatsanta na tsakiya ya huje har sau uku. Duk lokacin da aka tashi nakiya a wajen fasa dutse da ke bayan tudun Mpape, sai shagon ya girgiza, ƙura ta zubo daga kwano, ta yi wuf ta kife a kan bargon kamar mai kare jariri.

Bargon na mahaifiyar Zakariyya ne.

Ba na kanti ba ne. Hajiya ce ta haɗa shi da hannunta, ƙyalle bayan ƙyalle, daga ragowar ankon kowane biki da aka yi a danginsu tun kafin a haifi Zakariyya. Fuskar bargon lafiya lau take. Bayan ne ya mutu. Ya koɗe, ya yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa, ya yage a wuri biyar har audugar ciki tana leƙowa.

Shekara biyu ke nan Iyatu da Zakariyya suna son juna. Shi ma'aikacin gwamnati ne, saurayi, gidansu na Karu. Ita tela ce, kuma bazawara, auren wata goma sha ɗaya ta yi a garinsu ya mutu, ta biyo yayanta Abuja. Hajiya ba ta taɓa sa ta a ido ba, amma ta yanke hukunci: ba za a fara wa ɗanta aure da bazawara ba. Kullum Iyatu ta tambaya, amsar Zakariyya ɗaya ce, yana nan yana lallaɓa tsohuwar.

Ranar Litinin ya shigo da bargon a cikin jaka, fuskarsa cike da murna.

"Hajiya tana Keffi wajen jegon Yaya Nana Aisha, sai ƙarshen wata za ta dawo. Ki gyara mata wannan. Ranar da ta ga aikin hannunki zan ce mata, Hajiya, ga wadda ta yi. Wallahi zuciyarta za ta yi sanyi."

Iyatu ta gwada faci. Duk inda ta soka allura sai ƙyallen ya ƙara yagewa. Ranar Talata ta kira shi sau uku don ta tambaya ko ta canza bayan gaba ɗaya, bai ɗauka ba, sai saƙo ya turo: yana mitin, ta yi duk yadda ta ga ya dace, ya yarda da hannunta.

Ta sa reza ta farke. Da ta ɗaga ƙyallen ta ga ragowar aikin zare ta ciki, ta gane tsohuwar babbar riga ce shuɗiya aka buɗe aka yi bayan da ita. Bai ba ta mamaki ba. Haka kowane tela yake yi, fuska ake zaɓa wa ƙyalle mai kyau, baya kuwa duk tsumman da ya samu. Ta dunƙule shi ta jefa cikin buhun ƙyallaye, ta je kasuwa ta zaɓo sabuwar shadda mai irin launin. Ranar Laraba Madam Rita mai yin filo ta zo daga Mararaba kamar yadda ta saba, ta kwashe buhunan telolin layin gaba ɗaya.

Yau Alhamis, saura kalmasar gefe ɗaya kawai.

Bayan azahar Zakariyya ya sato jiki daga ofis. Ya tsuguna ya shafa sabon bayan, ya juya, ya sake shafawa.

"Iyatuna, wannan ai ya fi sabo kyau."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, gajiyar kwana huɗu ta sauka daga kafaɗunta. Ya ɗauki hoton fuskar da na bayan, ya tura wa yayarsa Nana Aisha, don ita ce kaɗai a gidan take goyon bayan maganarsu. Ko minti biyu ba a yi ba wayarsa ta yi ƙara. Ya buɗe muryar yadda Iyatu za ta ji yabo da kunnenta.

Nana Aisha ko sallama ba ta yi ba.

"Zakariyya, ina rigar Baba?"

"Wace riga kuma, Yaya?"

"Bayan bargon. Rigar Baba ce. Ina kuka kai ta?"

 Can daga nesa a cikin wayar suka ji wata murya ta dattijuwa, ba faɗa, ba ihu.

"Ce masa gobe ina hanya."

Wayar ta katse.

Zakariyya ya miƙe a hankali. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ina tsohon ƙyallen?"

"Madam Rita ta kwashe jiya." 

"Ta kwashe ta kai ina?"

"Filo take cusawa da su."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi. Iyatu, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Ta ɗago ta dube shi. Ta jawo wayarta, ta buɗe saƙonsa, ta miƙa masa har kusa da hanci.

"Sau uku na kira ka. Karanta abin da ka ce."

"Ai ni ban san rigar Baba ba ce. Ina da shekara bakwai ya rasu."

"Kai da ka tashi a ɗakin ba ka sani ba, ni da ban taɓa taka ƙofar gidanku ba zan sani?"

Ya fara kai da kawowa a ɗan shagon da taku uku ke ƙure shi. Can ya tsaya, ya sassauta murya.

"Shi ke nan, kar ki damu. Zan ce mata wani tela na kai wa a Wuse. Sunanki ba zai fito ba."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Sunana ba zai fito ba. Dama yaushe ya taɓa fitowa? Ranar Litinin ka ce da wannan bargon za ka gabatar da ni."

"Ai kin ga yadda abin ya juya. Ba yanzu ba, lokacin bai yi ba."

"Bara ka ce a bari ta dawo daga asibiti. Ta dawo, ka ce a bari azumi ya wuce. Ya wuce, ka ce a bari Yaya ta haihu. Zakariyya, yayana ya daina tambayata da baki, da ido yake tambayata. Matarsa idan ta zuba mini abinci sai ta ce Allah ya nuna mana ranar da za ki zuba naki. Me zan ce musu? In ce lokacin bai yi ba?"

"Don in kare ki nake yi."

"Ka kare ni ko ka kare kanka?"

Ya buɗe baki zai amsa, wayarsa ta sake ƙara. Ya duba, jikinsa ya yi sanyi.

"Oga ne. Wallahi fita na yi ban faɗa ba. Ki ƙarasa kalmasar, zan aiko a karɓa. Ki bar mini Hajiya."

Ya fice yana amsa wayar da ladabi, har da ɗan rusunawa a tsakiyar layi.

Iyatu ta kife fuskarta a gwiwa tana kuka. Ba a jima ba labule ya ɗaga, Perpetual mai gyaran gashi a shagon da ke jikin nata, wadda Hausarta ba ta gama nuna ba, ta shigo, da mataji soke a kanta.

"Anti Iyatu, na ji komai. Ba laɓe na yi ba, katakon ne ba shi da kauri." Ta ja hannunta. "Tashi ka share ido. Wannan oga naka, baki ne kawai yana da zaƙi. Na san wurin Madam Rita. Idan mun yi sauri za mu samu kafin ya yanka."

"Kafin mu sauka tudu mu canza mota uku ai yamma ta yi."

"Na riga na kira Maliki. Yana da lodin dutse zuwa Mararaba."

"Perpetual, kin san ba na son…"

"Na san ba ka so. Tsumma kake so ko ba ka so?"

Maliki direban tifa ne a wajen fasa dutse, aminin yayan Iyatu, mutum mai faɗin kafaɗa da dariya a kusa. Sau biyu yana kai gaisuwa gidansu a kan maganarta, sau biyu tana cewa a ba ta lokaci. Bai taɓa fushi ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ya tsayar da tifar a bakin titi, ya sauko ya share kujerar gaba da hularsa.

"Tun da aka ƙera motar nan ba ta taɓa ɗaukar kaya mai daraja irin na yau ba."

"Ni ko ita?" in ji Perpetual tana hawa.

"Ke ai kwandasta ce."

Iyatu ta zauna can jikin ƙofa, ta juya fuskarta waje. Sun gangaro daga tudu, sun hau babban titi, kafin Maliki ya sake magana.

"Hajiya tela, wannan tsumman da muke bi da lodin dutse, na wane ne?"

Iyatu ta ci gaba da kallon titi.

"Na surukarta," Perpetual ta amsa.

"Au, har an zama suruka ba a gayyace mu ba?"

"Ba a zama ba," Iyatu ta ce a taƙaice.

"To shi ɗan gidan yana ina?"

"Yana ofis."

Maliki ya gyaɗa kai, ya canza giya. "Allah ya ƙara wa ofis lafiya."

A Nyanya goslo ya riƙe su fiye da awa ɗaya. Iyatu tana kallon agogon wayarta, tana kuma jira ko Zakariyya zai kira ya tambayi inda take. Bai kira ba.

Wurin Madam Rita wani dogon ɗaki ne a bayan kasuwa. Mata biyu na zaune da manyan almakashi suna yayyanka ƙyallaye sirara-sirara, ta uku tana cusawa a rigar filo. A kusurwa an jibge filo har kusa da rufi.

"Kayan Mpape?" Madam Rita ta tafa hannu. "Ai tun safe mun gama da shi. Wasu ma masu talla sun fita da su. Sauran ga su nan, gobe za a kai makarantar kwana."

Iyatu ta zauna a bakin ƙofa. Ta yi mata bayani tana kuka. Madam Rita ta saurara, ta taɓe baki, ta kalli tarin.

"Ni ma babana ya mutu, ko hularsa ban samu ba. Ki buɗe. Amma duk wanda kika buɗe ke za ki rufe, ɗinki mai kyau, ba na son ƙorafi."

Haka suka zauna. Iyatu ta farke da reza, Perpetual ta zazzage, Maliki ya baje manyan yatsunsa cikin tarkacen yana tsinto duk wani shuɗi, yana ɗagawa.

"Wannan fa?"

"Leshi ne wannan."

"Wannan?"

"Yunifom ɗin makaranta ne. Malam Maliki, koɗaɗɗe za ka duba, mai laushi."

"Ni duk shuɗi a wurina shuɗi ne, sai na fentin mota."

Su mayar, ta ɗinke, su jawo wani. Wani filon a samu tsiri biyu, wani ba ko ɗaya. Ƙurar ƙyallaye ta shiga musu hanci, Perpetual tana atishawa tana tsine wa duk namijin da ke aiki a ofis. Yatsan Iyatu da ya huje ya sake fashewa, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba.

Ana gab da kiran magariba suka rufe na ƙarshe. Abin da suka samu bai cika ƙaramar leda ba. Guda ɗaya ne kawai almakashi ya tsallake, bakin aljihun rigar, faɗin tafin hannu, da aikin zarensa.

Iyatu ta riƙe shi tana kallo. Ko rabin rigar ba su samu ba.

A bakin tifa, da Perpetual ta tafi sayo ruwa, Maliki ya tsaya yana kaɗe ƙura daga wandonsa. Wannan karon babu dariya a fuskarsa.

"Iyatu, ni ban iya tsara magana ba. Amma da rigar ubana ce, ni zan zo in tone filon nan, ba zan turo ki ba."

"Bai turo ni ba."

"Shi ne ai. Ko turowar bai yi ba."

Ta rungume ledar ta hau motar. 

Ranar Juma'a da safe ta ƙarasa kalmasar. Saƙon Zakariyya ya shigo: Hajiya ta iso, kar ta kira shi yau, zai aiko a karɓi bargon gobe. Ta karanta sau biyu. Ta ninke bargon ta sa a jaka, ta ɗora ledar a kai, ta zura hijabinta mafi kyau, ta rufe shago.

Ta san gidan. Sau ɗaya ya taɓa nuna mata daga cikin mota, suna wucewa, ya ce ga gidanmu can mai koren get, bai ko rage gudu ba.

An sauko daga masallaci ta isa Karu. Get ɗin a buɗe yake. Tana isa ƙofar falo ta ji muryarsa.

"…ya ce ya zubar, Hajiya. Wallahi na yi masa faɗa sosai. Kin san telolin Wuse, ba su san darajar abu ba."

Ta rufe ido, ta buɗe, ta yi sallama.

Hajiya na zaune a kan darduma, siririyar dattijuwa da tabarau, carbi a hannu. Zakariyya na gefe a ƙasa. Da ya ga wadda ta shigo sai ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna.

Iyatu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Ta fito da bargon ta ajiye a gabanta, ta ajiye ledar a gefensa.

"Hajiya, ba telan Wuse ba ne. Ni ce na farke bayan. Ni na jefa shi a buhu da hannuna. Na ga tsohuwar riga ce, na ɗauka tsumma ne aka yi maneji da shi. Na bi sawu har Mararaba, wannan ne abin da na samu. Ki yafe mini."

Hajiya ba ta kalli bargon ba. Ledar ta jawo. Ta kwance ta, ta zuba tsirin a cinyarta, tana taɓa su ɗaya-ɗaya. Da hannunta ya kai kan bakin aljihun sai ta tsaya. Ta cire tabarau. Hawaye suka gangaro mata ba tare da ko sauti ba.

"Kin san abin da kika yanka, yarinya?"

"An ce rigar mahaifinsu ce."

"An ce." Ta goge ido da bakin mayafi. "Bayan an yi bakwai 'yan'uwansa suka zo, aka baje kayansa a tsakar gida. Riguna, huluna, takalma, har agogo. Aka raba, abin da ya rage aka yi sadaka. Haka ake yi, ban ce an zalunce ni ba. Amma wannan ita ya sa Juma'arsa ta ƙarshe. Na tura ta ƙarƙashin katifa. Na san haƙƙin magada ne, na daɗe ina neman gafarar Allah a kai. Ina cikin takaba na farke ta, na juya aikin ciki don kar a gane, na yi wa bargon baya da ita. Duk wanda ya shigo fuskar yake yabawa. Ni kuwa bayan ne yake taɓa jikina. Shekara ashirin da uku."

Iyatu ta fashe da kuka.

"Kina ganin ban ga ya yage ba?" Hajiya ta ci gaba. "Lokacin da ya fara ina da ido, ina da allura. Na bar shi ne saboda duk facin da na yi zai rufe mini wani wuri. Ni ban ce a gyara mini ba. Ban roƙi kowa ba."

"Na yi kuskure, Hajiya. Da na tsaya har a amsa mini."

"Da kin tsaya."

 Sai a lokacin Hajiya ta mayar da tabarau, ta jawo bargon. Ta juya shi, ta shafa sabuwar shaddar, ta yamutsa fuska. Ta sake juyo fuskar, ta kai ta kusa da idonta, tana bin layin ɗinkin da farce. Ta bi wani layin. Ta bi na uku.

"Wa ya koya miki bin ramin allurar wani?"

"Ba wanda ya koya mini. Na ga hannunki ya fi nawa, na ji kunyar in huda sabon rami."

"Duk bargon?"

"Duka."

Hajiya ta ajiye shi. Ta juya ga ɗanta.

"Zakariyya, ka ce namiji ne a Wuse."

Ya sunkuyar da kai.

"To wannan wace ce?"

 Iyatu ba ta ɗago ba, amma duk jikinta saurare yake. Shekara biyu take jiran a yi wannan tambayar a wannan ɗakin.

 Zakariyya ya kalli bango, ya kalli yatsun ƙafarsa.

"Tela ce, Hajiya. A Mpape take."

"Tela kawai?"

"Tana… tana yi wa matan ofis ɗinmu ɗinki."

Kukan Iyatu ya tsaya cak.  Ta goge fuskarta da hijabi, ta fara naɗe jakar da ta zo da ita.

"Sunanta Iyatu," Hajiya ta ce. "Tun bara yayarka ta nuna mini hotonta. Tana sallama na gane ta. Na tambaye ka ne in ji ko bakinka zai iya ɗaukar sunanta a gabana."

"Hajiya, na ga ranki a ɓace ne, shi ya sa…"

"Yi mini shiru."

Ta dawo da kallonta kan Iyatu.

"'Yar nan, na ce ba zai auri bazawara ba. Na faɗa, ba zan ce ban faɗa ba. Amma sau ɗaya na faɗa. Tun ranar nake jira ya zo ya zauna a nan ya ce, Hajiya ki yi haƙuri, ita nake so. In ƙi, ya dawo. In sake ƙi, ya turo kawunsa. Haka maza ke yi. Bai sake tayar da maganar ba."

Iyatu ta juya a hankali ta dubi Zakariyya.

"Ka ce mini kullum kana lallaɓa ta."

"Ina neman lokacin da ya dace ne, Iyatu. Wallahi ina sonki. Allah ya sani ina sonki."

"Yanzu ka san sunana."

Idanunsa suka ciko. Ya matso da gwiwa. "Hajiya, ita ce. Ita nake so. Ga shi na faɗa."



Hajiya ta fara jera tsirin a kan darduma, tana gwada bakin wannan da na wancan. Ba su haɗu ba. Ta sake gwadawa, ta haƙura.

"Ban yafe miki rigar ba tukuna, zuciyata ba ta kai nan ba. Kuma wannan shaddar taki ba zan rufa da ita ba, ta yi mini ƙarfi a jiki. Amma idona ya daina ganin kafar allura. Abin da ya rage ɗin nan, ko faɗin sallaya bai kai ba, ina so a haɗa mini shi a ɗora a tsakiya, daidai inda yake sauka a ƙirjina. Za ki zo mu yi?"

"Iyatu, don Allah ki saurare ni, ko minti ɗaya," Zakariyya ya ce.

Ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta rataya jakar. Ko inda yake ba ta kalla ba.

"Zan zo, Hajiya. Ki faɗa mini lokacin da ba ya gida."

Hajiya ta ɗauki bakin aljihun ta ajiye a tsakiyar sauran.

"Bakwai da rabi yake fita."